Mai Tuba Duk Lahadi

Ranar Lahadi bayan an taso daga sujada, gidan Baba Benjamin a Sabon Tasha yakan cika da ƙamshin gwaten acca da hayaniyar kwanoni. Ran nan ƙamshin yana nan, hayaniyar ce babu. Vivian, 'yar autar gidan, ta ajiye wa mahaifinta kwano, ta durƙusa ta zuba masa ruwan wanke hannu, idonta a ƙasa. Tun suna cikin coci ta san abin da zai faɗa.

Baba Benjamin bai taɓa abincin ba. Ya zura hannu a aljihun rigarsa, ya fito da wani ɗan farin kati, ya ɗora a kan tebur.

"Na tara ke nan," in ji shi.

A cocinsu, idan fasto ya gama wa'azi yakan ce duk wanda yake so ya ba da ransa ga Yesu, ko wanda ya kauce hanya yana so ya dawo, ya fito gaban bagade. Waɗanda suka fito, wani dattijon ikilisiya yakan bi su da kati yana rubuta suna da lambar waya, domin a neme su daga baya a zauna da su. Shekara goma sha takwas Baba Benjamin yana wannan aiki. Cikin wata biyar da suka wuce kuwa, sau tara ya rubuta sunan mutum ɗaya: Harrison, saurayin da danginsa suka kawo gaisuwa gidan nan suna neman auren Vivian.

Baba Benjamin ba ya cikin mutanen da suke ɗaga murya. A hankali ya ce shi ya daɗe a cikin ikilisiya, ya ga masu tuba iri-iri, kuma mutumin da yake tuba duk Lahadi akwai abin da yake aikatawa duk Asabar. Ya ce takardar amincewar iyaye da kwamitin aure yake jira tana cikin akwatinsa, ba zai sa mata hannu ba. Vivian ta san idan takardar ba ta isa kwamiti kafin ƙarshen watan nan na Oktoba ba, ranar da aka tsayar a watan Disamba ta tafi, kuma ta san mahaifinta: abin da ya ɗage sau ɗaya da wuya ya sake saukewa.

Mama Dorcas, mahaifiyarta, ta so ta sassauta maganar, sai ta ƙara dagula ta. Ta ce ita dai yaron bai taɓa yi mata rashin kunya ba, amma bakin mutane ya ishe ta. A wurin zumuntar mata har sun sa masa suna, kwastoman bagade. Wata ma ta tambaye ta ko ranar auren zai bar amarya a tsaye ya je ya durƙusa.

"Baba, ya daina sha," in ji Vivian. "Shekara ɗaya da rabi ke nan."

"Ke kike kwana a ɗakinsa?"

Ta koma gefen mahaifiyarta ta zauna.

Tarihin Harrison ba ɓoyayye ba ne a unguwar. A cocin ya tashi, a can aka yi masa baftisma, shi ne mai kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa. Da mahaifinsa ya rasu bayan doguwar jinya da dogayen addu'o'i, sai ya ajiye sandunan ganga ya daina zuwa. Shekara uku ana ganinsa a rumfunan giya na Gonin Gora, bakin hanyar Abuja, yana yi wa masu wa'azin kan titi ba'a. Wata rana ya dawo da ƙafarsa, babu wanda ya jawo shi. Ikilisiya ta sa shi a horo, ya zauna a bencin baya wata shida ba ya cin jibin Ubangiji, sannan aka tsayar da shi gaban jama'a aka karɓe shi. A cikin watannin bencin baya ne Vivian ta fara kula da shi. Abin da ya ja ta, ba ya sunkuyar da kai kamar mai neman a tausaya masa, kuma ba ya ɗaga shi kamar wanda aka zalunta. Yana zuwa da wuri, ya zauna inda aka ce ya zauna.

Daga ƙarshe Baba Benjamin ya jawo kwanon, ya gindaya sharaɗi. Lahadi huɗu suka rage a watan. Idan Harrison ya zauna a wurinsa duka huɗun kamar kowane mai bi da ya san inda ya tsaya, zai sa hannu.

Washegari da aka tashi daga makarantar da take koyarwa, Vivian ta hau keke napep zuwa Kakuri, inda Harrison yake gyaran janareta a shagon Oga Callistus. Ogan, ɗan kasuwa mai ƙiba da son raha, yana hango ta ya fara kiran amarya, ya ce ta zo ta ɗauke wannan waliyyin nata, ya hana su ko kunna rediyo a shago. Ya ture mata kujera, ya koma ciki.

Harrison ya goge hannu da tsumma, ya zauna a kan wani tsohon inji. Ta gaya masa komai ba tare da ta rage ba, har sunan da matan zumunta suka sa masa. Bai yi dariya ba. Da ta tambaye shi kai tsaye ko akwai abin da yake ɓoye mata, sai ya ce babu, kuma ya dube ta yadda ta yarda.

"To, me yake fitar da kai?"

Ya daɗe yana murza tsumman. Ya ce duk mako lafiya yake. Amma idan fasto ya kai wurin tambayar nan, cewa in ka mutu yau ka tabbata inda za ka, sai ya ji ƙasa ta buɗe a ƙarƙashinsa. Ya ce shi ba kamar wanda bai taɓa sani ba ne. Ya sani, ya ɗanɗana, ya kaɗa wa Allah ganga, sannan ya juya ya zage Shi da bakinsa a gaban mashaya. Akwai wata aya da ta tsaya masa a wuya, wadda ya fahimta da cewa irinsa ba su da hanyar dawowa. Ikilisiya ta karɓe shi, ya gani da idonsa. Amma can sama fa? Saboda haka yakan fita, ko da waccan tubar ba ta shiga ba, wataƙila wannan ta shiga. Yakan samu sauƙi har zuwa Laraba, daga nan abin ya dawo.

Vivian ta ji tausayinsa, amma a lokacin ranar Disamba ta fi tausayin ƙarfi a zuciyarta. Ta ce masa Allah ba kurma ba ne, ya ji tun na farko. Ta faɗa da sauri, kamar yadda take gaya wa ɗalibanta amsar lissafi idan an kusa kaɗa ƙararrawa.

"Abeg, Harry, don Allah. Lahadi huɗu kawai. Ka zauna saboda ni."

Ya ce to.

Lahadin farko ta zauna a layin mata tana satar kallonsa. Da fasto ya yi kira, ta ga ya kama bakin benci da hannu biyu, zufa tana bin wuyansa har ta jiƙa kwalar rigarsa. Bai tashi ba. A gida Baba Benjamin ya ce Lahadi ɗaya ke nan, ya ci abincinsa. Lahadi ta biyu ma bai tashi ba, amma da aka fito Vivian ta ga fuskarsa kamar ta wanda ya tashi daga zazzaɓi. A cikin makon ya rage kiranta, idan ta kira sai ya ce aiki. Ita kuma ta kasa zama wuri ɗaya. Ta je wurin tela duba ɗinkin 'yan matan amarya, ta fito ba ta tuna abin da aka nuna mata ba. A aji ta rubuta kwanan wata ba daidai ba, sai da yara suka gyara mata.

Lahadi ta uku wurinsa babu kowa.

Ta kira shi sau shida bayan sujada, wayar a kashe. Abin da ya fara zuwa mata a rai Gonin Gora ne, ta ji kunyar tunanin, amma tunanin ya ƙi tafiya.

Ranar Talata da yamma Anti Becky, ƙanwar Mama Dorcas, ta shigo gidan tun daga ƙofa tana cewa ta zo da labari. Ita a Mahuta take, a can take zuwa wani ƙaramin coci. Ta ce ranar Lahadi tana zaune sai ta ga baƙo a bencin baya, ta ce a ranta wannan ai surukinmu ne. Ana yin kira kuwa ya riga kowa fita, ya durƙusa yana kuka kamar an yi masa mutuwa.

Baba Benjamin ya cire tabarau ya ninke. Ya ce a da yana zaton yaron mai rauni ne, yanzu ya ga har da wayo. Wanda zai tsallaka unguwa ya je ya tuba a ɓoye don surukinsa kada ya gani, zai tsallaka unguwa ya yi wani abin a ɓoye don matarsa kada ta gani. Ya ce maganar ta ƙare, zai aika wa dangin Harrison. Vivian ta shige ɗaki ta kifa kai a kan katifa ta yi kuka har muryarta ta dushe. Mama Dorcas ta zauna a gefenta tana shafa mata baya, tana cewa ta yi haƙuri, maza ba su ƙare ba, ita ma tana share hawaye da bakin zane.

Da kukan ya lafa, Vivian ta ga wani abu da ba ta so ta gani ba. Harrison bai je Mahuta don ya yaudari mahaifinta ba. Ya je ne don ita ta rufe masa ƙofa ɗaya da ya sani, ta bar shi da tsoronsa a ciki.

Washegari ta koma Kakuri. Ta same shi ya rame, janareta a buɗe a gabansa, ya zuba masa ido kawai. Bai musa komai ba. Ya ce Lahadi biyun da ya zauna ji ya yi kamar ya sake musun Yesu, wannan karon saboda mace. Ya ce ya yi tunani, gara ta nemi wanda ya san matsayinsa a gaban Allah, shi ba zai ja ta cikin duhun da yake ciki ba.

"Sori, Harry," in ji ta. "Ni na yi kuskure. In ƙafarka ta ɗauke ka ranar Lahadi, ka fita, a cocinmu, a gaban kowa. Maganar in nemi wani kuma, ba kai za ka zaɓa mini ba."

Oga Callistus, wanda ya yi kamar ba ya ji, ya ce da su su je kotu kawai a ɗaura, shi zai tsaya shaida, tsohon zai huce idan ya ga jika. Vivian ta gode masa, ta ce ba za ta shiga gidan miji ta bayan mahaifinta ba.

A keke kan hanyar komawa ne wani abu ya faɗo mata. Tun tana ƙarama ta san yadda mahaifinta yake aikin katunan nan. Duk wanda ya rubuta, sai ya bi shi har gida ko wurin sana'a, ya zauna da shi, sannan ya juya bayan katin ya rubuta ranar da suka zauna. Ta sha ganinsa yana fita da lema a cikin ruwan sama saboda kati ɗaya.

Ta same shi a tsakar gida yana sauraron labarai. Ta durƙusa, ta jira ya rage muryar rediyon. Ta ce ba ta zo roƙon takarda ba, abin da ya yanke ta karɓa, ko shekara nawa ne za ta jira. Abu ɗaya take so, ya nuna mata bayan katunan Harrison.

Ya dube ta ta saman tabarau. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya daɗe, ya fito da su ɗaure da roba. Bai miƙa mata ba, shi ya juya su ɗaya bayan ɗaya. Duka taran fari fat.

"Baba, kowa in ya fita kana binsa," in ji ta. "Shi kaɗai ne ba ka bi ba. Ba a matsayin suruki nake roƙo ba. Mutum ne da ya fito gaban bagade sau tara, dattijon ikilisiya bai tambaye shi me ke damunsa ba."

Mama Dorcas da ke bakin murhu ta ce, "Ke Vivian, da ubanki kike magana." Baba Benjamin ya ɗaga mata hannu. Ya mayar da robar, ya koma ɗaki. Kwana biyu ba ya amsa gaisuwar Vivian sai da kai. Ba ta san ko ta gyara ko ta ƙarasa ɓatawa ba. Ta share gidan da ba ya bukatar shara, ta wanke labulen da aka wanke makon jiya. Aike dai bai tafi wurin dangin Harrison ba, da wannan kaɗai ta riƙe zuciyarta.

Ranar Asabar da la'asar Harrison ya yi sallama. Baba Benjamin ne ya kira shi. Suka zauna ƙarƙashin mangwaro, Vivian tana daga gefe tana tsince shinkafa, ba a ce ta tashi ba. Tsohon ya fara da tambayoyinsa a jere: giya, mata, caca a waya. Harrison ya ce babu ko ɗaya. Ya tambaye shi to me yake tuba a kai duk mako. Harrison ya faɗa masa abin da ya faɗa wa Vivian, har da kalmomin da ya furta a Gonin Gora, waɗanda bai taɓa maimaita wa kowa ba. Ya ƙare da cewa, "Baba, ban sani ba ko an karɓe ni."

Baba Benjamin ya gyara zama. Ya ce kunya ce ta hana shi zuwa, kunyar a ce ga dattijo yana bin surukinsa da kati, sai ya bar tunaninsa ya cike abin da bai tambaya ba, kuma wannan laifinsa ne a gaban Allah. Sannan ya tambayi Harrison, mutanen da suka yi nisa har ba dawowa, ya taɓa ganin ɗayansu yana kuka don a karɓe shi? Ya ce wanda zuciyarsa ta mutu ba ya jin wannan tsoron. Wa ya fito da shi daga rumfar giya alhali babu wanda ya je kiransa?

Ya nuna Vivian da haɓa. Ya ce tana shekara huɗu suna tsallaka titin kasuwar Sabon Tasha, ta ga mai balan-balan, ta saki yatsansa ta yunƙura, bas yana tahowa. Ita a tunaninta ita ce take riƙe da shi. Ba ta san tun daga gida ya kama wuyan hannunta ba.

"Kai kullum ƙarfin riƙonka kake aunawa," in ji shi. "Ranar Laraba ka ji ya yi sanyi, sai ka ce ka faɗi. Jinin da aka zubar dominka ba ya yin sanyi ranar Laraba, Harrison. Ba yawan fitarka ba ne ya cece ka, Wanda ka fita wurinSa ne."

Harrison ya rufe fuska da hannu biyu. Vivian ta ci gaba da tsince shinkafar da ba ta gani saboda hawaye.

Abin bai warke ran nan ba. Baba Benjamin ya ce Harrison ya riƙa zuwa duk Asabar su karanta Maganar Allah tare, har da ayar da take ba shi tsoro, su karanta ta da abin da ke gabanta da bayanta. Takarda kuwa bai sa mata hannu ba. Wata ya ƙare, Disamba ta zo ta wuce, ɗinkin 'yan matan amarya yana ninke a akwati. Ƙawayen Vivian biyu suka yi aure, ta je ta yi musu rawa, ta dawo ta yi kukanta a ɗaki. Harrison ya sake fita gaban bagade sau biyu, matan zumunta suka kalli juna, ita kuwa ta ɗaga kai ta bar su su kalla. Ba ta ƙara tambayarsa ko zai zauna ba, ba ta ƙara tambayar mahaifinta maganar takarda ba.

Wata Lahadi a cikin Fabrairu fasto ya yi wa'azi mai zafi a kan mutuwa, ya yi kira, mutane da yawa suka fita. Harrison yana zaune, idonsa a rufe, leɓɓansa suna motsi. Da aka fito Vivian ta tare shi a bakin ƙofa, ta tambaye shi a hankali ko danne kansa ya yi.

"A'a," in ji shi. "Na ji tambayar sarai. Sai na ga amsar ba a wurina take ba, kuma tana nan inda take tun farko."

Baba Benjamin yana bayansu, ba su sani ba. Da suka isa gida, kafin a kawo abinci, ya shiga ɗaki ya fito da takardar, ya ce Vivian ta ba shi biro. Mama Dorcas ta saki guɗa har maƙwabta suka leƙo. Bayan bikin Ista da mako biyu aka ɗaura auren.

Wata huɗu Vivian ta rasa, ta samu miji da ya san inda ya tsaya, da uba da bai rasa 'yarsa ba. Da ta ci nasara a watan Oktoba, da ta kai gidanta mutumin da ya koyi ɓoye tsoronsa don a bar shi ya yi aure. Wanda ya koma baya ya dawo yana rawar jiki ba ya bukatar a ƙirga masa faɗuwarsa, ba ya kuma bukatar a ce masa ya yi shiru. Yana bukatar wani ya jawo kujera ya tambaye shi, sannan ya nuna masa cewa ceton nan ba shi ne yake riƙe da shi ba.